Tsuntsu Ya Samu Mai Yi Masa Kuka, Masunci Fa?

Mai karatu, kwanan baya na sake kallon wani tsohon fim na Jamusawa, "Serengeti Shall Not Die", wanda Bernhard Grzimek ya yi a 1959 a dajin Serengeti na ƙasar da yau ake kira Tanzaniya. Hoto kam ba a magana, har Oscar ya ci a 1960. Sai dai ra'ayin mai fim ɗin shi ne kada ɗan'adam ya zauna cikin gandun namun daji, ko da kuwa nan aka binne cibiyarsa. A shekarar da fim ɗin ya fito aka tashi makiyayan Masai daga Serengeti. Rigimar ba ta mutu ba, don ko a 2022 an gwabza da su a Loliyondo kan filin kiwo.

Ina kallo, zuciyata na Haɗeja. Mu ma ai muna da namu: fadamar Haɗeja da Nguru, inda agwagin ruwa ke sauka daga Turai duk hunturu, ba fasfo ba biza. Saboda su ne ƙungiyoyin waje irin IUCN suka sa kuɗi a aikin kare fadamar tun 1987, Yarima Philip na Ingila ma ya leƙo Dagona a 1989, aka sa Baturiya cikin jerin Ramsar a 2008. Madalla. Amma duba irin hotunan da ake nunawa in za a nemo tallafi: tsuntsu, ruwa, faɗuwar rana. Ina Bafulatanin da ke kawo shanunsa da rani? Ina masunci?

Alhali labarin na wajensu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadama ta canja. Kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, wani gonarsa ta nutse, wani tasa ta bushe ƙaƙas. Jan-baki kuma ya samu gidan kwana cikin kachallar, da safe ya faɗa wa shinkafa. Kiwo ya matse, sai ka ji manomi da makiyayi sun zare wa juna ido.

To, a nan nake ganin laifin 'yan fim da marubutanmu. Kai da ka saba kallo, sau nawa ka ga an je bakin ruwa in ba don rawa da waƙa ba? Ga labari a zube: yaro ɗan masunta ya samu aikin gadin gandu, ran nan ya kama ubansa ya kafa koma inda aka hana. Ko soyayyar ma kake so, ka haɗa 'yar rugga da ɗan manomi a shekarar da ruwa ya ƙi zuwa. Daga Kano zuwa Haɗeja fa tafiyar 'yan awoyi ce, ba ta kai kuɗin hayar gidan da ake ɗaukar falon Alhaji ba.