Daga Beniz Zuwa Lugu: Sharhi Kan Ziyarar Yini Guda

Hausawa kan ce gani ya kori ji, amma ba kowane gani ne yake kai wannan matsayi ba. Akwai ganin da ba ya korar komai, sai ma ya ƙara wa jita-jita ƙarfi, domin mai shi yakan koma gida yana cewa ai ya je ya gano da idonsa. Irin wannan gani shi ake samu a ziyarar yini guda, kuma babu inda illarsa ta fito fili kamar birnin Beniz na ƙasar Italiya.

An gina Beniz a kan ƙananan tsibirai 118, gadoji fiye da 400 ne suke haɗa su, hanyoyin ruwa kuwa su ne titunan birnin. Mota ba ta shiga tsakiyarsa, sai dai jirgin ruwa ko tafiyar ƙafa. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan tarihi na duniya a 1987. Baƙon da ya sauka da hantsi ya san abin da zai yi tun kafin ya iso: ya tsallaka gadar Riyalto, ya tsaya a dandalin San Marko, ya ɗauki hoto kusa da kwalekwalen nan da ake kira gondola, sa'an nan ya koma tasha kafin magariba. Ya ga ruwa, ya ga gine-gine, amma bai ga mutanen gari ba. A 1951 mazauna tsohon birnin sun kai kimanin 175,000. A 2022 sun gaza 50,000. Gidajen zama da yawa sun koma masaukin baƙi, kantunan cefane sun koma na tsaraba. Abin ya kai ga hukuma ta hana manyan jiragen yawon buɗe ido ratsa tsakiyar birnin a 2021, kuma a watan Afrilu na 2024 ta fara karɓar yuro 5, wato jika 3 da ɗoriya na kuɗin sefa, daga hannun baƙon da ba zai kwana ba, a wasu keɓaɓɓun ranaku. Birnin da ya fara sayar da tikitin shiga kamar gidan sinima, ya nuna da kansa cewa ƴan kallo sun rinjayi masu gida.

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa Arewa da birnin ruwa? Dogon Dutsi da Tibiri ba su san cunkoson baƙi ba, kuma Dallol Mawri kwarin tsohon kogi ne wanda ruwansa ya daɗe da nutsewa ƙarƙashin rairayi. Sai dai ɗabi'ar kallon ɗaya ce, ko da baƙin ba su wuce cikin mota guda ba. Misali mafi kusa shi ne Lugu, garin Sarauniya Mangu, inda aka gwabza da ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. Idan makaranta ko ƙungiyar al'adu ta shirya zuwa can, tsarin ba ya cika sauyawa: a tashi da asuba, a sha wahalar hanya, a yi gaisuwa, a saurari jawabi, a ɗauki hoto, a juyo kafin duhu.

Babbar matsalar ita ce yawancin masu zuwa sun riga sun ga Lugu kafin su gan ta. Sun gan ta a littafin Abdoulaye Mamani mai suna Sarraounia, wanda ya fito a 1980, sun kuma gan ta a fim ɗin da Med Hondo ya shirya daga littafin a 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Ayyuka ne masu daraja, kuma ba a yi adalci ba idan aka ce sun ɓata tarihi. Mamani ya ɗauko sunan da rahotannin Turawa suka ambata a taƙaice, ya mayar da shi abin alfahari ga ƙasa baki ɗaya. Amma marubucin ƙagaggen labari yana da ƴancin da malamin tarihi ba shi da shi, kuma fim ɗin ma a Burkina Faso aka ɗauke shi, ƴar wasan ƙasar Aï Keïta ce ta fito a matsayin Sarauniya. Ɗalibin da ya zo neman ganuwa da fada da jaruma riƙe da makami, zai tarar da ƙauye na talakawa manoma, da sarautar da ƙarfinta yake cikin keɓewa da kamewa. Sai ɗaya daga cikin biyu ta faru: ko ya raina abin da ya gani, ko ya rufe ido ya ci gaba da kallon fim ɗin da ke cikin kansa.

Alhali kuwa abin da ke Lugu ya fi abin da ake zuwa nema zurfi. Sarauniya muƙami ne da aka gada tun kafin Mangu, kuma bai ƙare da ita ba. Yadda ake gane magajiya ta hanyar tarkama, wato gawar marigayiya ce take nuna wadda za ta gaje ta. Matsayin dutsen Tunguma wajen warware shari'a. Dangantakar Lugu da Bauran Bagaji. Rabon iko tsakanin Gubawa masu ƙasa da Arawa masu sarautar Matankari: waɗannan su ne ginshiƙan tarihin yankin, waɗanda Marc-Henri Piault ya nazarta a littafinsa Histoire Mawri na 1970. Babu ɗaya daga cikinsu da hoto zai iya ɗauka. Da kunne ake samun su, da zama, da komawa karo na biyu. Ko Dallol ɗin da motar take ratsawa a guje, shi ne ya bayyana dalilin zaman mutane a nan, domin ruwansa na kusa, rijiya ba ta nisa, fadamunsa ne suke ciyar da lambunan rani.

Akwai hanzarin da ya kamata a saurara. Makarantun gwamnati ba su da kuɗin kwana, iyaye ba su da shi, kuma ba kullum hanya take da aminci ba. Yini guda ya fi babu. Gaskiya ne. Laifin ba na gajartar lokaci ba ne kaɗai, na yadda ake cika shi ne. Ajin da ya karanta littafin Mamani tare da malamin Faransanci, ya tattara abin da kakanni suke faɗa tare da malamin Hausa, ya kuma rubuta tambayoyinsa kafin tashi, zai fi amfana da awa 3 fiye da wanda ya yi mako yana yawo. Haka kuma ya kamata a nemi izinin mutanen gari tun da wuri, a bar su su faɗi abin da za a iya gani da wanda ba a kusanta, kada a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa. Wuraren nan wasu suna girmama su har gobe. Ko baƙo bai yi imani da su ba, ladabi bai faɗi a kansa ba. Bayan an dawo, a rubuta abin da aka ji da Hausa, a mayar wa garin da kofi guda, domin kada ilmi ya zama kaya mai fita ba ya komowa.

Abubakar Imam ya sa wa labarin tafiyarsa Ingila ta 1943 suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Mabuɗi kuwa ba ya aiki sai an tsaya a bakin ƙofa. Beniz ta fara neman magani bayan mazaunanta sun watse. Lugu da Bagaji, da Tozon Bijini da ke tsaye bisa Dogon Dutsi, har yanzu suna hannun masu su, kuma malamai da ƙungiyoyin al'adu ne za su koya wa yara yadda ake shiga gidan mutane da sallama.