A duba mai kafin a ɗora wa kwayil laifi

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kamun kifi ya zauna da gindinsa a yankin Bebeji da Tudun Wada. Mai ɗan hali yakan ɗaura wa kwale-kwalensa inji, galibi tsohon Yamaha mai shan fetur gauraye da baƙin mai. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne salon gyaran da ake yayi yanzu: inji na yin tari sai makaniki ya ce kwayil ne ko CDI, a tafi Kano a sayo sabo.

Wannan canki-canka ne, kuma aljihun masunci ne ke biya. Ciwon tsohon inji galibi daga mai yake farawa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mutane da yawa sun koma sayen kwalba-kwalba a hannun 'yan bumburutu, su ajiye a jarka a bakin ruwa. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka gindin tanki yake kwanciya, daidai inda tiyo ke zuƙa. Ka sassauta ƙusar da ke ƙasan kafireto, ka tari man a farar kwalba, ka ɗaga ta sama. In da ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa, fetur na bisa, wani lokaci har da tsatsa. Ka matsa famfon roba na jikin tiyo ka ji ko zai yi tauri. Ka duba 'yar ƙofar iskar murfin tanki, domin in tana rufe inji zai tashi lafiya, ya yi ɗan tafiya, ya mutu. Jet ɗin kafireto kuwa busa shi ake yi. Masu zura masa waya faɗaɗa ramin suke yi, inji ya koma zuƙar mai.

Sai an gama da mai ake komawa kan wuta. A cire fulogi, a jingina shi da jikin inji, a ja igiya. In ya ba da shuɗiyar wuta mai ƙarfi, kwayil ba shi da laifi. In babu, a fara da makunnin kashe inji da wayoyin da tsatsa ta ci.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne rowar baƙin mai. Yawancin waɗannan injuna rabin lita suke so a lita 25 ta fetur, kuma irin nasu, ba na mota ba. Wanda ya rage don tsimi, fistan ne zai ƙone masa.

'Yan uwa masunta, mutuwar inji a tsakiyar Tiga ga hadari ya taso magana ce ta rai. Ku tace mai kafin ku zuba, kada ku bar gaɓa babu fulogi na ko-ta-kwana da sifana da filafili, kuma duk makanikin da ya ce a sayo kaya bai duba mai ba, ku nemi wani.