Masu zuba duhun Gotham a faifai

Wanda ya taɓa sayen irin faifan nan na kasuwa da ake cusa wa fina-finai goma ya san abin da ke faruwa da zarar dare ya yi a cikin fim. Baƙin ya koma toka-toka, fuskar jarumi ta dagargaje, bango ya yi dabbare-dabbare yana motsi shi kaɗai. Duhu ne ke fara tona asirin aikin gaggawa. Shi ya sa duk mai son ganin gwanintar masu sauke fim daga sinima zuwa faifai, sai ya nemi fim ɗin da yawancinsa dare ne, kuma da wuya a sami wanda ya kai The Dark Knight, fim ɗin Batman na Christopher Nolan, wanda ya fito a 2008.

Matsalar da ke gabansu ta lissafi ce tun farko. Fim ɗin minti 152 ne, kowace daƙiƙa hoto 24, wato hotuna sama da dubu 200. Faifan Blu-ray mai hawa biyu kuwa gigabait 50 kawai yake ɗauka, kuma a ciki za a sa sauti da fassarar rubutu. Dole a matse. Manhajar matsewa ba ta adana kowane hoto cikakke: takan ajiye ɗaya, sannan ta rubuta abin da ya canja kawai a waɗanda ke biye. Inda mutum biyu ke zaune suna magana, abin da sauƙi. Inda hayaƙi ya turnuƙe, gilashi ya tarwatse, ko wuta ta tashi, kusan komai ke canjawa lokaci guda, nan manhajar ke shaƙewa. Gwanin yakan bi fim ɗin fitowa bayan fitowa, ya rage wa wannan, ya ƙara wa wancan, kamar uwargida mai rabon tuwo da ta san cikin kowa a gidan. Ga kuma ɓurɓushin nan mai rai da ke cikin duk hoton da aka ɗauka da zaren fim. Manhaja datti take ɗaukarsa. Idan aka bar ta ta share shi, har ƙofofin gashin fuska da saƙar rigar Joker, abokin gabar Batman, za su bi shi, mutane su koma kamar an shafe su da kakin zuma.

Nolan ya ƙara musu wani nauyin. Shi da mai ɗaukar hotonsa, Wally Pfister, sun ɗauki kimanin minti 28 da kyamarar IMAX, abin da ba a taɓa yi wa babban fim ɗin labari ba kafin nan. Zarenta milimita 70 ne, a kwance yake gudu, kuma hoto ɗaya ya ninka na zaren milimita 35 kusan sau goma. Kyamarar tana da nauyi da ƙara, zarenta bai wuce na minti uku ba sai a sake. Siffar hotonta doguwa ce, 1.43 ga 1, alhali sauran fim ɗin faffaɗa ne, 2.40 ga 1. Talabijin kuwa tana tsakiya, 1.78. To yaya za a yi?

Abin da suka yi a Blu-ray na Disamba 2008 shi ne suka bar hoton yana numfashi. Fashin bankin da aka buɗe fim ɗin da shi yana cika allo daga sama har ƙasa: kyamara na tunkarar dogon gini a Shikago, taga ɗaya ta fashe, sai ga mutum tsaye a bakin titi ya ba mu baya, abin rufe fuska na reto a hannunsa. Da an koma zaren 35, baƙaƙen layuka biyu su dawo sama da ƙasa. Da Batman ya tsaya a kan bene a Hong Kong, allo ya sake buɗewa. Don cika talabijin sai da aka yanke wani abu daga saman hoton IMAX da ƙasansa, kuma iya zaɓen inda wuƙa za ta bi ne ya sa mutane da yawa kan gama kallo ba su lura hoton ya taɓa canja girma ba.

Faifan bai tsira daga suka ba, kuma masu sukar suna da gaskiya. An ƙara wa sassan zaren 35 kaifi na ƙarya, har ana ganin wani farin zare a gefen kafaɗu da gine-gine. Bugun 4K na Disamba 2017 ya fi tsabta ƙwarai, kuma fasahar HDR ta ba fitilun titi damar yin haske ba tare da baƙin rigar Batman ya narke cikin baƙin dare ba.

Sautin 5.1 ne: lasifika uku a gaba, biyu a baya, sai wufa mai gurnani. Blu-ray ɗin ya zo da Dolby TrueHD, wanda ke matse sauti ba tare da zubar da komai ba. Amfanin haka ya fi bayyana a tazarar da ke tsakanin raɗa da aradu. Kiɗan Joker da Hans Zimmer ya haɗa, shi da ya yi aikin tare da James Newton Howard, yana farawa ne siriri ƙwarai, amo ɗaya na tsirkiya da ake ta ɗaurewa yana hawa. A ƙaramar lasifikar waya sai ka ce sauro ne. A faifai yana shiga haƙori. Richard King, wanda ya ci kyautar Oscar da tace sautin fim ɗin, ya yi wa babur ɗin Batman dabarar amon Shepard, mai sa kunne ya ji ƙara na ta hawa ba iyaka, don haka babur ɗin bai taɓa sauya giya ba. A tseren motocin tsakiyar fim kuwa kiɗa ja da baya yake yi, a bar ka da inji da ƙarfe.

Ƙarin abubuwan da ke faifan, a gaskiya, ba su kai fim ɗin ba. Babu sharhin darakta. Akwai labaran talabijin na ƙage guda shida, Gotham Tonight, da shirye-shirye biyu, Batman Tech da Batman Unmasked, waɗanda kallo ɗaya ya ishe su. Heath Ledger, wanda ya fito a matsayin Joker, da ya rasu a Janairun 2008 kafin fim ɗin ya fito, ba a ware masa wani shiri ba. Wanda ya biya kuɗinsa shi ne Gotham Uncovered, gajerun bidiyoyi da za ka iya buɗewa kana tsakiyar kallo. A nan ne za ka ga cewa tirelar da ta wuntsila a titin LaSalle ta gaske ce, da direba a ciki: Chris Corbould da mutanensa sun dasa mata wani ƙaton ƙarfe a ƙasa, ya doki kwalta, gindinta ya tashi sama ta kife da baya. Asibitin da Joker ya tarwatsa kuma tsohuwar masana'antar alewa ce ta Brach's, aka rushe ta a gaban kyamarori, kuma dama ɗaya ce tak, don ba gini na biyu.