Laifi Ba Sakayya: Nazari a Kan Fim Ɗin "No Country for Old Men"

Akwai irin fim ɗin da mutum kan tashi daga kallonsa yana yabon gwanintar waɗanda suka shirya shi, amma kuwa zuciyarsa ba ta kwanta ba. In aka tambaye shi ko fim ya yi kyau, sai ya ce ya yi. In aka ce ko ya ji daɗinsa, sai ya yi shiru. Abin da wannan takarda ke nufin bincikawa shi ne inda rashin kwanciyar ran nan ya fito: daga sabon da mai kallo ya yi da wani irin labari ne, ko kuwa daga wani aibi da ke jikin fim ɗin?

'Yan'uwan nan biyu, Joel da Ethan Coen, su ne suka shirya shi a Amurka cikin 2007, daga littafin Cormac McCarthy mai wannan suna, wanda ya fito a 2005. A 2008 ya sami kyautar Oska 4, har da ta fim ɗin da ya fi kowanne a shekarar. Labarin ya faru ne a 1980, a yammacin Teksas, dab da iyakar Meksiko. Wani mai walda, Llewelyn Moss, ya tafi farautar barewa, sai ya tarar da gawawwakin masu fataucin miyagun ƙwayoyi waɗanda ciniki ya ɓaci a tsakaninsu, ga kuma jaka ɗauke da dala miliyan 2. Ya ɗauke jakar. Da dare tausayin wani da ya bari yana roƙon ruwa ya hana shi barci, ya koma da ruwan, nan aka gane shi. Daga nan wani makashi, Anton Chigurh, ya bi sawunsa, dattijon shugaban 'yan sandan gundumar kuwa, Ed Tom Bell, yana biye da su duka biyun, kullum sai an gama ɓarna yake isowa.

Bari mu fara da abin yabo. Kiɗa kusan babu shi cikin fim ɗin, sai ƙarar iska, da takun takalmi, da kukan na'urar da ke nuna wa Chigurh inda jakar take. Saboda haka duk maganar da aka yi tana da nauyi, kuma a nan ne mai nazarin harshe zai sami abin dubawa. A 1923 Malinowski ya jawo hankalin masana ga wata irin magana wadda ba a yin ta don neman labari, sai don ɗaura zumunci. Wanda aka ce masa "Ina gajiya?" ya amsa "Ba gajiya" alhali ya wuni yana noma, ai bai yi ƙarya ba, haƙƙin gaisuwa ya biya. To, a wani wuri cikin fim ɗin wani tsoho mai sayar da man fetur ya tambayi Chigurh ko an sami ruwan sama a inda ya fito. Gaisuwa ce kawai, amma Chigurh ya ɗauke ta bincike. Ya shiga tsinke kalmomin tsohon ɗaya bayan ɗaya, ko wace amsa ya mai da ita tambaya, har ya kai ga jefa ƙwandala sama, ya ce tsoho ya zaɓi fuska ko baya, ba tare da ya gaya masa ransa ne a kan cacar ba. Ba a zubar da jini ko ɗigo a wurin nan ba, amma babu inda ya fi shi ban tsoro, domin mun ga mutumin da ya fita daga yarjejeniyar da ke sa magana ta yiwu tsakanin 'yan Adam.

Sai kuma abin da ya fi ɓata wa masu kallo rai, watau ƙarshen labarin. Moss, wanda muka bi fiye da sa'a guda muna fatan ya tsira, an kashe shi a wani masauki a El Paso, ba a ko nuna mana kisan ba, ba kuwa Chigurh ne ya kashe shi ba. Bell bai kama kowa ba. Ya ajiye aiki, ya zauna yana ba matarsa labarin mafarki biyu da ya yi game da mahaifinsa, fim ya ƙare. Chigurh kuwa mota ta buge shi ya karye a hannu, ya sayi rigar wani yaro ya rataye hannun, ya yi tafiyarsa. Wanda ya tashi da tatsuniya, ya karanta Magana Jari Ce inda makircin Waziri ya koma kansa, ya saba da cewa in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Lalle ne ya ji kamar an ci masa bashi an hana shi.

A ganina wannan ƙorafi ba ya tsayawa. Karin magana yana faɗin yadda ya kamata duniya ta kasance, ba ya hana mai labari nuna ranar da ba ta kasance haka ba. Har wa yau fim ɗin bai yaudari kowa ba: tun daga muryar Bell ta farko an gaya mana labarin mutumin da mugunta ta fi ƙarfin fahimtarsa za mu ji. Da ya kai kukansa ga wani tsohon ɗan'uwansa, Ellis, cewa zamani ya lalace, Ellis ya tuna masa yadda aka harbe wani daga cikin magabatansu a ƙofar gidansa tun da daɗewa, ya nuna masa girman kai ne mutum ya zaci lalacewar a kansa ta fara. Wannan magana ce mai hikima, kuma ƙarshen da aka yi wa labarin ya dace da ita.

Aibin gaskiya a wani wuri yake. An tuɓe wa Chigurh duk abin da ke mai da mutum mutum: ba mu san garinsu ba, ba mu san abin da ya mai da shi haka ba, ba mu ga yana sha'awar kuɗin da yake nema ba. Makaminsa ma bututun iska ne irin wanda ake sumar da shanu da shi a mayanka. Javier Bardem ya fito da shi da gwaninta ƙwarai, amma abin da ya fito ya fi kusa da Dodo na tatsuniya. Dodo kuwa ba a tuhumarsa, gudunsa ake yi. Da laifi ya zama kamar fari ko annoba, sai tambayar wa ke sayen ƙwayar, wa ke cin ribarta, ta ɓace. Haka kuma mutanen Meksiko da ke mutuwa birjik cikin fim ɗin, kusan dukansu ba suna, ba magana, gawa ce kawai ta cika fili. Labarin da ke da'awar faɗin gaskiya mai ɗaci bai kamata ya yi wannan rowa ba.

Wuri guda ne masu fim suka magance wannan, kuma shi ne inda suka saɓa wa littafin. Chigurh ya je kashe Carla Jean, matar Moss, don ya cika alkawarin da ya yi wa mijinta, ya miƙa mata cacar ƙwandala. A littafin ta zaɓa, ta faɗi. A fim ɗin ta ƙi zaɓa, ta ce masa ƙwandala ba ta da ta cewa, shi ne mai yi. Ba ta tsira ba, gama mun gan shi ya fito yana duba ƙasan takalminsa. Amma ita kaɗai ce ta ƙwace masa rigar ƙaddara da yake ɓuya a ciki, ta mai da shi mai laifi kamar kowane mai laifi.

Saboda haka mai kallon da ya tashi da zuciya biyu bai yi kuskure ba, sai dai ya kamata ya san wace rabi ce ke da hujja. Malamin da ke koyar da adabi zai amfana in ya sa ɗalibansa su rarrabe tambaya biyu da aka saba haɗawa: shin an hukunta mai laifi, da kuma shin an ɗora masa alhakin laifinsa? Labari yana iya barin ta farko ya zauna lafiya. Ta biyun ce ba ya da ikon bari, kuma wannan fim saura kaɗan ya bar ta, ba domin Carla Jean ba.