Hannu Biyu, Fuska Ɗaya: Abuta a Jikin Minda

Minda, watau lambar ƙarfe da hukuma ke bugawa don tunawa, tana da fuska da baya, kuma wajibi ne mai nazari ya karanta su tare. A 1801 Amurka ta buga wata domin shugabannin mutanen ƙasar na asali. A bayanta an zana hannuwa biyu suna musafaha, ga lofe da gatari a gicciye, an rubuta salama da abuta. Zanen ya yi kyau ƙwarai. Amma in aka juya ta, fuskar Shugaba Jafasan kaɗai za a gani. Wannan musafaha kuwa ba ta canja ba har zamanin Shugaba Jakson, wanda ya sa hannu a dokar 1830 ta korar mutanen daga ƙasarsu.

To, haka ma mindar azurfa da Sarki Joji na Biyar ya ƙago a 1920 domin sarakunan ƙasashen da Ingila ke mulki. Kan mai bayarwa ke jiki, wuyan mai karɓa ke ɗauka. Bahaushe ya bambanta abuta da barantaka: aboki yana bayarwa yana karɓa, bara kuwa sai godiya. Saboda haka mindar da ba a iya rama ta da irinta, shaidar barantaka ce, ko me aka rubuta a jikinta.

Malamin da ke koyarwa a Tambuwal ko Kebbe yana da abin gwadawa a ƙofar gida. Daga 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riƙa ba almajiransa tuta, irin su Yakubun Bauci da Ummarun Dallaje, kuma ɗansa Muhammadu Buhari ya riƙe ribaɗin Tambuwal. Tuta ma ba tsakanin tsara take ba, amma ba ta kira kanta abuta. Amana ce, kowa ya san nauyinta, ba kuwa fuskar kowa a jiki.

Aibin mindar abuta, ashe, ba a hannun maƙeri yake ba, a sunan da aka raɗa mata yake. Zumunta a ƙafa take. Kafin ɗalibi ya gaskata rubutun ƙarfe, sai ya bincika abin da hannuwan nan biyu suka aikata bayan an saki juna.