Jinjina Ga Mamman Sani, Mai Ogan Na Yamai

Ranar da na fara jin kiɗan Mamman Sani, na fake ne a shagon wani mai tura waƙoƙi a Kasuwar Kure ta Minna, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ba kalangu, ba mawaƙi, sai ogan mai lantarki yana tafiya a natse, kamar makiyayi ya koro shanu gida da almuru.

A 1978 ya naɗi kiɗan nan a gidan rediyon Yamai, da ogan ɗinsa ƙirar Orla ta Italiya. Kaset kaɗan aka buga, amma shekara da shekaru mutanen Nijar suna jin sautin tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi, duniya ta ji.

Mawaƙan Sigur Rós na Aislan har yare suka ƙirƙira, wani irin zaurancensu, don kalma kada ta tare wa sauti hanya. Mamman kuwa yatsunsa ya bar wa zancen, kuma wallahi na fahimce shi sarai.

Na sa yaron ya tura min, na biya, na fita ban jira ruwa ya ɗauke ba.