Gidan Ƙona Gawa: Hidima ko Tilas? Darasi daga Siri Lanka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka:

A birnin Kolombo na ƙasar Siri Lanka akwai gidan ƙona gawa a makabartar Borella. Ga mabiya addinin Buda da Hindu wurin hidima ne: su kai mamacinsu, a ƙona shi bisa al'adarsu, su karɓi toka su koma gida. Wannan tsakaninsu ne da addininsu. Abin da muke suka shi ne ranar da hukuma ta mayar da hidimar dole a kan kowa.

A watan Afrilu 2020 gwamnati ta yi dokar ƙona duk wanda korona ta kashe, wai binnewa za ta gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta ce binnewa ba laifi. Musulmi, kusan kashi 10 cikin 100 na mutanen ƙasar, suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ta yi watsi da ita a Disamba. A watan nan aka ƙona gawar jariri ɗan kwana 20 ba da yardar iyayensa ba. Wasu iyalai suka ƙi zuwa karɓar gawarsu, don kada su sa hannu a ƙona ta. Jama'a suka riƙa ɗaura fararen ƙyallaye a shingen Borella.

'Yan'uwa, ku duba abin da aka ƙwace. Wanka, likkafani, salla da binnewa farilla ce a kan al'umma. A lokacin annoba malamai sun yi sauƙi: in wanka bai yiwu ba a yi taimama, sallar ma mutum kaɗan sun wadatar. Kabari kawai aka roƙa, shi ma aka hana.

Sai a Fabrairu 2021 aka janye dokar, a Maris aka fara binnewa a Oddamawadi, can gabashin ƙasar, nesa da yawancin iyalai. A Yuli 2024 gwamnati ta nemi gafara. Madalla, amma toka ba ta komawa gawa.

Ma'aunin duk wurin da ke karɓar mamata guda ne: shin iyalin sun fito da natsuwar cewa sun sauke haƙƙin mamacinsu? In babu wannan, ko wurin ya kai ina wajen tsabta da tsari, ƙarin makoki ya ba su.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu cika da imani. Amin.